"Za Mu Neme Ki"

'Yar ƙanwata ta karanta akanta a jami'a, ta fito da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, sannan ta zauna a gida fiye da shekara tana aika takardun neman aiki. A daminar bara wani kamfani mai zaman kansa ya kira ta jarrabawa. Su kusan ɗari biyu suka zauna, aka tace aka bar goma sha biyu, aka sake tacewa a intabiyu aka bar huɗu, tana ciki. Har an faɗa mata albashi, an tambaye ta ranar da za ta iya farawa. Abu ɗaya ya rage: ta je asibitin da kamfanin ya zaɓa a duba lafiyarta. Ta je, aka ɗebi jini. Ta san abin da za a gani, domin tun tana shekara biyu muka san tana da amosanin jini, wato sikila. Sauran ukun suka fara aiki. Ita kuwa sai da ta buga waya sau uku kafin wata ma'aikaciya ta ce mata, "Ki yi haƙuri Malama, za mu neme ki." Har yau ba a neme ta ba.

Da ta zo gaishe ni bayan Sallah, sai da muka gama hirar gida kaf sannan ta ɗauko zancen. Ta ce, "Kawu, da ma sun fito sun ce saboda jinina ne, da na kawo musu takardar likitana su ga shekara huɗu rabona da kwanciya asibiti. Amma ba su ce komai ba. Wai don Allah babu wata doka a kan irin wannan?"

Na kai tambayar nan wurin wani abokina lauya, na kuma zauna na karanta abin da ya nuna mini. Abin da na gano shi ne dokokinmu sun ɗan tanadi wani abu ga wanda ya riga ya shiga ofis aka wulaƙanta shi ko aka kore shi. Wanda aka tare tun daga bakin ƙofa kuwa, kusan ba shi da kowa. Kuma a ƙasar da matasa suka cika filayen wasa a ranar 15 ga Maris 2014 suna neman aikin Hukumar Shige da Fice har aka tattake wasu suka mutu, mutanen bakin ƙofa su ne mafiya yawa.

Duk wanda aka tambaya zai fara ne da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashen ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda al'ummarsa, ko ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ya kuma hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai idan ka karanta lafazinsa a natse za ka ga yana magana ne a kan dokoki da matakan gwamnati, shi ya sa lauyoyi suka daɗe suna jayayya ko ya hau kan banki ko kamfanin sadarwa ko makaranta mai zaman kanta. Babu shekaru a jerin, babu nakasa, babu rashin lafiya. Sannan ƙaramin sashe na uku ya buɗe wata taga ga dokokin da suka sa sharuɗɗa wajen naɗa mutum muƙamin gwamnati ko ɗaukar soja da ɗan sanda. Akwai kuma sashe na 17 da ya yi maganar biyan albashi ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da duba mace ko namiji ba, amma yana cikin babi na biyu, babin da kundin da kansa ya ce ba a kai gwamnati kotu a kansa.

Dokar Ƙwadago kuwa tsohuwa ce, tun zamanin Gowon. Ta ba mai jego hutun mako goma sha biyu da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, ta hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ta hana a tilasta wa mutum barin ƙungiyar ƙwadago kafin a ɗauke shi. Amma babu inda ta ce wa mai ɗaukar aiki kada ya duba ƙabila ko addini ko shekaru. Kalmar ma'aikaci ma a cikinta ta tsaya ne ga leburori da ƙananan akawu, ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sashe na 8, wanda ya ce a kai sabon ma'aikaci likita ya duba shi a kan kuɗin mai aikin. Dokar ta umarci a duba lafiyar mutum, ba ta faɗi abin da ya halatta a yi da sakamakon ba. Ta wannan ɓarakar 'yar ƙanwata ta faɗa.

Ba zan ce ba a yi komai ba. A 2014 an yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta haramta a sa gwajin cutar ya zama sharaɗin ɗaukar aiki. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, bayan kusan shekara ashirin ana kai gwauro ana kai mari a majalisa. Ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya leƙa sakatariyar jiharsu ko ta ƙaramar hukumarsu ya ƙirga matakalar benen da kansa.

Babban sauyin ya zo ne ta kotu. Gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta hurumin sauraron duk rikicin da ya shafi nuna bambanci ko cin zarafin mata a wurin aiki, ya kuma ba ta damar amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta rattaba wa hannu, irin su yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da muka amince da ita a 2002. Kafin nan ƙa'idar da muka gada daga Turawan Ingila ita ce ubangida yana iya sallamar yaronsa da dalili mai kyau, ko marar kyau, ko ma babu dalili. Kotun ta fara rushe wannan. Ta ba wata mata gaskiya a kan wata ƙungiyar agaji da ta sallame ta bayan ta sanar tana da juna biyu. A Janairun 2023 reshenta na Akure ya soke ƙa'ida ta 127 ta rundunar 'yan sanda, wadda ta ce a kori 'yar sandan da ta yi ciki ba aure, alhali babu makamanciyar ƙa'idar a kan namijin da ya yi cikin. Aka ba matar da aka kora a Ekiti diyyar naira miliyan biyar. Ko me mutum yake gani game da laifin, hukuncin da ya hau kan ɗaya ya tsallake ɗaya ba adalci ba ne a kowane ma'auni da na sani.

To amma a dubi waɗannan matan. Kowaccensu tana da takarda a hannu: takardar kama aiki, takardar albashi, takardar kora mai kwanan wata da sa hannu. Da ita lauya zai tsaya gaban alƙali. Kuma ko da takardar, hanyar ba gajera ba ce. Wata ma'aikaciyar jinya a Legas da aka yi wa gwajin cutar ƙanjamau ba da saninta ba aka kore ta a 1995, sai a 2012 ta samu hukunci na naira miliyan bakwai. A tsakani har an taɓa hana ta shiga ɗakin kotun don tsoron kada ta shafa wa mutane. Shekara goma sha bakwai. Mai neman aiki fa? Abin da ke hannunsa shi ne shiru. Ba a rubuta masa komai ba, ba a faɗa masa komai ba, sakamakon jarrabawarsa yana cikin durowar kamfanin, sakamakon jininsa ma an aika wa kamfanin ne ba shi ba. Idan ya je kotu, shi za a ce ya kawo hujja.

Wani lokacin ma ba a ɓoyewa. A buɗe jarida ko shafin intanet a ga tallan aikin banki: kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Yaron da ya shiga jami'ar gwamnati yana da shekara 20, yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye masa wata tara, na 2022 ya cinye wata takwas, ya jira bautar ƙasa, ya yi ta, ya fito yana da 28. Laifin wa aka ɗora masa? Wannan sharaɗin yana tace 'ya'yan talakawa ne ya bar waɗanda iyayensu suka iya biyan jami'a mai zaman kanta ko ta waje, kuma ya fi cin yaran karkarar Arewa da ba sa shiga firamare da wuri. Tun 2018 dokar ƙasa ta yarda ɗan shekara 25 ya tsaya takarar majalisar wakilai, ɗan 35 ya nemi shugabancin ƙasa, amma ɗan 28 ya tsufa da ƙirga kuɗi a kanta. A Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin jan hankali a kan a daina sa iyakar shekaru. Ƙuduri irin wannan shawara ce kawai, ba ya ɗaure kowa, kuma tallace-tallacen suna nan suna fita. Haka nan masu babbar difloma ta kwalejin fasaha suke jira tun 2021, lokacin da majalisa ta amince da ƙudurin dokar daidaita su da masu digiri amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda ake rufe irin wannan ɓaraka. Maƙwabciyarmu Nijar ta sabunta dokar ƙwadagonta a 2012, kuma sashe na 5 ya hana mai ɗaukar aiki ya yi la'akari da jinsi, ko shekaru, ko asali, ko addini, ko launin fata, ko nakasa, ko cutar ƙanjamau, ko amosanin jini, wajen ɗauka ko ƙarin girma ko sallama. Sun ambaci sikila da sunanta. Na san rubutu a takarda daban, abin da ke faruwa a Maraɗi da Damagaram daban. Duk da haka yarinyar da aka yi wa abin da aka yi wa tamu a can tana da layin da za ta ɗora yatsa a kai. Mu da ake ƙiyasin ana haifa mana jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, ba mu da shi.

Afirka ta Kudu, wadda ta san ɗacin wariya fiye da kowa, ta yi dokarta a 1998 da abubuwa uku da nake ganin su ne ƙashin bayan al'amarin. Ta ce duk inda aka ambaci ma'aikaci a babin hana bambanci, har da mai neman aiki ake nufi. Ta hana gwajin lafiya sai in wata doka ta yarda ko yanayin aikin ne ya wajabta. Sannan idan mutum ya yi ƙorafin an ware shi saboda launi ko jinsi ko addini da makamantansu, mai aikin ne zai nuna ba haka aka yi ba ko kuma ya kawo dalili karɓaɓɓe. Kenya ma ta ɗora nauyin hujja a kan mai ɗaukar aiki a dokarta ta 2007. Wasu za su ce wannan ya saɓa wa ƙa'idar da muka sani cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. Ni ina ganin hikimar a fili take: shaida tana wurin wanda ya riƙe fayil. Kamfanin da ya ɗauki mutum uku ya bar ta huɗu ya san dalilinsa. Idan dalilin mai tsabta ne, fito da takardar maki ba zai ɗauke shi minti goma ba.

A Amurka dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hau kan duk mai ma'aikata 15 zuwa sama, kuma ta kafa hukuma ta musamman da ake kai wa ƙorafi kyauta, ba sai da lauya ba. Ita hukumar ke bincike, ita ke neman sulhu, wani lokaci ita ke shigar da ƙara da kuɗinta. A 2008 wata budurwa Musulma 'yar shekara 17 ta nemi aiki a shagon tufafi na Abercrombie & Fitch a garin Tulsa, ta ci intabiyu, aka ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalin da ke kanta. Ba a faɗa mata ba, ita ma shiru aka yi mata, sai daga baya ta ji ta bakin wata ƙawarta da ke aiki a wurin. Hukumar ce ta ɗauki shari'ar har Kotun Ƙoli, inda a 2015 alƙalai takwas cikin tara suka ba ta gaskiya. Yarinya 'yar shekara 17 ba za ta iya wannan tafiyar da aljihunta ba. Dokar ba ta kawar da son zuciya daga Amurka ba. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, masu sunayen fararen fata suka fi masu sunayen baƙaƙe samun kira da kusan rabi. Abin da dokar ta yi shi ne ta sa wa son zuciyar farashi, ta kuma ba wanda aka zalunta ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yanzu bari in juyo gida, domin nan ne maganar ta fi nauyi a bakina. Mu 'yan Arewa mun iya kuka idan abin ya faɗo kanmu, kuma kukanmu na gaskiya ne. Mun ji zafi a Disambar 2017 da aka hana wata ɗaliba shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, muka yi murna da aka rantsar da ita a 2018. Mun san Bahaushen Jos da aka haifi kakansa a garin amma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta gagare shi, ga shi ba a shiga aikin gwamnati sai da ita. Mun san saurayin da gemunsa ko sunansa ya sa aka ajiye takardarsa a gefe a Legas ko Fatakwal. Amma idan mu ne a kan kujerar fa? Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi firamare da sakandare a nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu, in ya samu aikin koyarwa a jiha sau da yawa na kwantaragi ne, ba fansho. Bahaushe Kirista daga ƙauyukan Kano ko Katsina ya san irin kallon da ake yi wa sunansa. Akwai makarantun kuɗi da za su nemi malamin lissafi sannan su binciki masallacin da yake Juma'a. Akwai mai kamfanin da zai ce wa budurwa, "Ke da za ki yi aure ki tafi," ya ce wa matar aure, "Ke da za ki riƙa haihuwa," ya ce wa bazawara a bar maganar kawai. Akwai zabiya da aka ce kwastomomi ba za su so ganinsa a kanta ba. Kowannenmu ya san aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan, wasunmu da bakinsu aka faɗa.

Takardar asalin nan ta zama wuƙa mai baki biyu a duk faɗin ƙasar. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu 'yan uwansu Ibo daga jihohin maƙwabta. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar alƙaliyar jiha, ana kafa hujja da cewa asalinta Akwa Ibom ne, duk da a Kuros Riba ta yi aure ta yi aikinta. Sai a 2021 aka rantsar da ita. Idan mai shari'a ta sha wannan, ina ga malamar firamare da aure ya kai ta wata jiha, jihar mahaifinta ta ce ta tafi, ta mijinta ta ce baƙuwa ce?

Za a tambaye ni: to tsarin raba daidai na tarayya fa, ba shi ma duba asali ba ne, kuma ba ku ne kuka fi cin moriyarsa ba? Ina goyon bayan sashe na 14(3) da manufarsa. Ƙasar da ilimin boko ya shiga wani ɓangarenta shekaru da dama kafin ɗaya, ba za ta zauna lafiya ba idan ma'aikatunta suka zama na yanki guda. Amma an yi shi ne don a shigo da wanda aka bari a baya, kuma cikin 'yan kowace jiha ya kamata a ɗauki wanda ya fi cancanta. Abin da muka gani a binciken Majalisar Wakilai na 2023, inda aka yi ta ba da shaidar sayar da guraben aiki da miliyoyin nairori a hukumar da aka kafa don tabbatar da daidaiton, ya nuna gurbin jihar talaka ba ya isa hannun ɗan talaka. Yana tsayawa ne wurin mai uwa a gindin murhu ko mai kuɗin saye. Kare tsarin raba daidai da yaƙar wariya a wurin aiki duk abu guda suke nema, wato kada a rufe wa mutum ƙofa saboda abin da bai zaɓa wa kansa ba.

Akwai kuma ƙorafin masu dukiya, kuma ba na raina shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai ce, "Dukiyata ce, amana nake nema, ɗan ɗan'uwana na sani." Babu mai hankalin da zai ce doka ta shiga rumfa ta zaɓa wa Alhaji yaron shago. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba a ofis suke ba, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ma ta tsame wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ana iya sa irin wannan iyakar. Maganata a kan bankuna ce, da kamfanonin sadarwa, da masana'antu, da manyan asibitoci da makarantun kuɗi, da ƙungiyoyin agaji, da gwamnati a matakanta uku: duk wanda ya buga talla ya gayyaci jama'a su zo su yi takara. Wanda ya kira gasa ya ɗauki alkawarin alƙalanci. Haka kuma kowace doka mai hankali tana barin wuri ga sharaɗin da aikin kansa ya wajabta. Direba sai mai gani, limami sai Musulmi, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata sai mace. Aikin haƙar ma'adinai ko na soja yana da buƙatar jiki da aikin akanta ba shi da ita. Tambayar da za a yi kullum ita ce ko sharaɗin daga aikin ya fito ko daga zuciyar mai ɗauka.

Mai kamfani zai ƙara da cewa mai sikila zai riƙa kwanciya, aiki ya tsaya. Wasu suna kwanciya, gaskiya ne. Wasu kuma suna shekaru lafiya lau da magani da kiyaye kai, kamar yadda mai hawan jini da mai ciwon suga suke yi, kuma ban taɓa jin an kori manaja don suga ba. Likita ne ya kamata ya duba mutumin da ke gabansa ya ce zai iya wannan aikin ko ba zai iya ba, ya tsaya nan, ba ya tattara sirrin jinin mutum ya miƙa wa ofishin ɗaukar ma'aikata ba. Irin wannan ake yi wa masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, waɗanda da yawansu ba su taɓa jin ko ciwon kai daga gare ta ba, kuma ba a ɗaukarta ta zama ofis ɗaya ko cin abinci tare. Ba mu rasa abin koyi a tarihinmu ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin garin a hannunsa idan zai yi tafiya. A nan Kano mun ga waɗanda shan inna ya nakasa sun haɗa kai suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Al'ummar da ta naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu don tsara bara za ta iya tsara musu hanyar shiga ofis.

Abin da nake nema daga 'yan majalisarmu, musamman na Arewa, doka ce guda ɗaya, gajera, wadda ta tsaya a kan aiki kawai. Na faɗi haka ne don na tuna yadda ƙudurin daidaiton jinsi ya faɗi a Majalisar Dattawa a Maris 2016, galibi saboda saɓani a kan gado da aure. Kada a cusa waɗannan a ciki, a bar su inda suke. A rubuta cewa mai neman aiki yana da kariya daidai da ma'aikaci, a gwamnati da kamfani. A jera dalilan da aka haramta, a sa shekaru da juna biyu da matsayin aure da nakasa da sikila da ciwon hanta da jihar asali. A hana gwajin jini sai bayan an ba mutum takardar tayin aiki, sakamakon ya zama nasa, idan kuma za a janye tayin a rubuta masa dalili. A wajabta wa mai ɗauka ya ajiye takardun maki na shekara guda. Sannan a buɗe teburin karɓar ƙorafi kyauta a ofisoshin ƙwadago da ke jihohi, da ikon kiran kamfani ya zo da fayil, domin Kotun Ma'aikata tana Kano da Kaduna da Jos da Abuja da wasu manyan birane, amma mutumin da ba shi da albashi ba ya iya ɗaukar lauya ya yi ta zirga-zirga daga Gumel ko Yawuri. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ma ya kamata ta sa baki, ko da yake waɗanda abin ya fi shafa ba su kai ga zama 'ya'yanta ba tukuna.

'Yar ƙanwata yanzu tana riƙe wa wasu shaguna uku lissafi daga gida, abin da take samu bai kai rabin albashin da aka faɗa mata ba. Makon jiya ta turo mini hoton wani fom na wani wurin daban. A shafi na biyu, ƙarƙashin jihar asali da addini da matsayin aure, akwai layin da aka ce a rubuta rukunin jini. Ta ce, "Kawu, ƙawayena sun ce in sa AS kawai, in na shiga na shiga." Na daɗe riƙe da wayar kafin in amsa. Na ce mata ta rubuta gaskiya, ta haɗa da takardar likitanta, ta kuma ajiye kwafin komai da kwanan wata. Ta rubuta SS, ta aika ranar Litinin.